Gwanayen da ke Sa Ƙasa Ta Yi Magana

Idan ambaliya ta ci gari, ko gobara ta tashi a kasuwa, mai neman taimako ba ya shan wahalar bayani. Hoto ɗaya ya wadatar: ga rufin ɗaki yana yawo a kan ruwa, ga tsohuwa ta ɗora tabarma a ka tana neman tudu. Zuciya takan motsa tun kafin a buɗe baki. A watan Oktoba na 1984, rahoton da Michael Buerk na BBC ya aiko daga Korem ta ƙasar Habasha, tare da hotunan da Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauka, ya girgiza duniya cikin 'yan kwanaki, har aka kai ga gangamin Live Aid a shekarar da ta biyo baya. Yunwa tana da fuska, duk wanda ya gan ta ya gane ta.

Ƙasa kuwa ba ta mutuwa rana ɗaya. Bana a sare gawo biyu, baɗi iska ta kwashe ɗan takin da ke sama, a hankali gonar da ke cika rumbu ta koma ba ta kai iyali ko tsakiyar rani, daga baya ta zama fako, ko tsuntsu ba ya sauka. Babu ranar da za a nuna a ce ga ranar da abin ya faru. Farfaɗowarta ma haka take, sannu a hankali, ba ganga ba kakaki. Saboda haka wanda wata ƙungiyar kare ƙasa ta ɗora wa nauyin shirya fim na minti biyar don neman gudummawa, aiki ja ne a gabansa. Ana so ya sa mutumin da ke zaune a Kano ko Landan, wanda bai taɓa taka wannan ƙasa ba kuma ba zai ci amfaninta ba, ya ji ciwonta har ya sa hannu a aljihu.

Akwai mutanen da suka ƙware a wannan aiki, kuma a ganina sun cancanci irin yabon da ake yi wa manyan daraktoci. Sunansu ba ya fitowa a allon talla. Sau da yawa mutum uku ne ko huɗu, da kyamara biyu da mota ɗaya. Amma abin da suka haɗa shi ke sa ƙungiya ta samu kuɗin aikin baɗi, ko ta rasa. Domin a fahimci gwanintarsu, babu inda ya fi dacewa mu duba kamar gonakin Maraɗi.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A 1981 wani matashin masanin noma daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sauka Nijar ƙarƙashin ƙungiyar SIM, aka ba shi aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Ya yi ta rainon dashe a leda yana kaiwa ƙauyuka, rana da iska da gara da awaki suna hallaka mafi yawansu. A 1983, yana kan hanya da lodin dashe, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen da kyau sai ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare tun tuni, saiwarsa na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa sun cika gonaki, kowace shekara lokacin sassabe ake datse tohonsu a ƙone. Dabarar da ta bunƙasa daga nan, wadda manoman Nijar ke kira sassabin zamani, ba ta bukatar dashe ko ban ruwa. A zaɓi toho mafi ƙarfi, a rage sauran, a tsare shi daga dabba da wuta da gatari, tsohuwar saiwa ta yi sauran aikin.

Manoma ne suka ɗauki abin suka yaɗa shi, daga maƙwabci zuwa maƙwabci, daga kasuwa zuwa kasuwa, a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Aka shafe kusan shekara ashirin duniya ba ta san girman abin da ke faruwa ba. Sai a shekarun 2000, da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka jera tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama kusa da sababbi, ciki har da na ƙauyen Galma na 1975 da na 2003, sannan aka farga. Ƙiyasin da aka yi ya nuna hekta miliyan 5 sun sake yin kore, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Darasin farko na wannan sana'a ke nan: gani ya kori ji. Alheri zai iya mamaye hekta miliyan biyar ba wanda ya sani a waje, sai an nuna. Daga baya labarin ya samu masu nunawa. Ƙungiyar World Vision, inda Rinaudo ya koma aiki, tana amfani da gajerun finafinai wajen neman tallafin yaɗa dabarar. Shi kuma Volker Schlöndorff, daraktan Jamus da ya taɓa cin kyautar Oscar, yana da shekara kimanin tamanin ya bi Rinaudo zuwa Nijar da wasu ƙasashen Afirka, ya shirya dogon fim mai suna Der Waldmacher, wanda ya shiga gidajen sinima a 2022.

Aikin da ake yi kafin a kunna kyamara

Gwani ba ya fara aiki da kyamara. Yakan fara ne da zama da shugabannin ƙungiya, ya tsare su da tambaya uku. Wa zai kalli fim ɗin? Me ake so ya yi idan ya gama kallo? Kuɗin da zai bayar, me za su zama a ƙasa? Ƙungiyoyi da yawa sukan zo da dogon buri, suna so a nuna duk ayyukansu, da ofishinsu, da jawabin shugaba, da taron bita. A nan mai shirya fim yake nuna ƙarfin hali, ya ce musu cikin ladabi fim ɗaya ba ya ɗaukar saƙo biyu. Wanda ya kasa faɗin haka a ofis, zai dawo daga daji da rahoto mai hoto, ba fim ba.

Bayan nan sai ya tafi ƙauye hannu rabbana. Ya sauka wurin maigari, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi ba ɓoye-ɓoye, ya sha fura, ya bi mutane gona. Abin da yake nema shi ne mutum ɗaya da labarin ƙasar ya ratsa ta cikin rayuwarsa. Wannan zaɓi yana da dalili mai ƙarfi. A wani binciken da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba wasu mutane takardar neman taimako mai ɗauke da alƙaluman miliyoyin mayunwata a Afirka, wasu kuma aka ba su labarin yarinya ɗaya 'yar Mali mai shekara bakwai. Waɗanda suka karanta labarin yarinyar sun bayar da fiye da ninki biyu. Abin mamaki, da aka haɗa labarin da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Zuciyar ɗan'adam ta fi sanin mutum ɗaya a kan miliyan.

Mark Dodd, ɗan Ingila, ya gane wannan sarai. Da ya so nuna yaƙi da hamada a yankin Sahel, bai tara masana ba. Ya bi manomi ɗaya, Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso, wanda ya inganta tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba musu taki, irin wadda ake kira tassa a Nijar, har ya mayar da busasshen fili daji. Fim ɗin, The Man Who Stopped the Desert, ya fito a 2010, kuma shi ya fitar da sunan dattijon zuwa duniya. A 2018 Sawadogo da Rinaudo suka karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara guda.

Zaɓen wannan mutum ɗaya ma gwaninta ce. Wanda ya fi kowa iya magana a taron ƙauye ba lallai shi ne ya dace ba, domin sau da yawa ya haddace kalmomin da ma'aikatan ƙungiya ke son ji. Gwani yakan lura da wanda ke tafiya a gona yana shafa itatuwansa, ya san wanne ya girmi wanne, ya tuna shekarar da ya bar kowanne. Irin wannan mutum ko ya yi shiru kyamara tana samun abin ɗauka.

Yadda ake kama shekaru a cikin minti

Babbar matsalar fim ɗin ƙasa ita ce lokaci. Itace yana ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa, mai kallo kuwa minti kaɗan ya ware. Maganin da gwanaye suka samo yana da sauƙin faɗa, amma yana bukatar haƙuri irin na mai dafa dutse. Tun zuwan farko mai ɗaukar hoto yakan zaɓi wasu wurare, ya kafa turken ƙarfe a inda ƙafafun kyamara suka tsaya, ya rubuta lambar wurin daga na'urar GPS, da tsayin kyamarar, da irin gilashin da ya sa, da ƙarfe nawa ne na rana. Yakan tabbatar akwai abin da ba ya gusawa a cikin hoton, kamar tsohuwar kuka ko dutse ko hasumiyar masallaci. Idan ya dawo bayan damina ɗaya, ko uku, ko goma, sai ya riƙe tsohon hoton a hannu yana gyara kyamara har kukar ta zauna daidai inda take a da. A ɗakin tacewa, idan tsohon hoton ya narke cikin sabo, kukar tana nan ba ta motsa ba amma fakon da ke gabanta ya cika da kalgo da sabara da gero, babu mai kallon da zai nemi ƙarin bayani.

John D. Liu, Ba'amurke ɗan asalin Sin kuma tsohon mai ɗaukar hoto na gidan talbijin na CBS, shi ne babban misali a wannan fanni. A 1995 Bankin Duniya ya nemi ya ɗauki hoton aikin gyaran tuddan Loess a ƙasar Sin, yankin da zaizayar ƙasa ta cinye. Ya ɗauka, sannan ya ci gaba da komawa shekara da shekaru. Hotunansa na tuddai tsirara da suka koma kore, waɗanda BBC ta nuna a 2009 cikin fim ɗin Hope in a Changing Climate, sun sa mutane da yawa sun yarda cewa ƙasar da ta mutu tana iya tashi. Sirrinsa bai wuce komawa wuri guda ba.

Akwai amana a cikin wannan dabara. Kowa ya san idan aka ɗauki hoton farko a watan Afrilu, na biyu a Agusta, kowane fili a ƙasar Hausa zai nuna mu'ujiza, alhali ruwan sama ne kawai. Gwani na gaskiya yana gwada rani da rani, damina da damina. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a cikin masu bayar da manyan kuɗi akwai waɗanda suka san noma.

Dole kuma ya san halin ƙasar da yake ɗauka. Ɗauki gawo, wanda ya cika gonakin Magarya da Matamaye. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Shi ya sa manoma ke ƙaunarsa: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Baƙon da ya zo da kyamara a Agusta zai ga busassun itatuwa a tsakiyar gona ya kauce musu, ko ma ya nuna su a matsayin alamar fari. Wanda ya sani kuwa durƙusawa zai yi ya nuna yadda geron da ke gindin gawon ya fi na nesa tsayi da duhun ganye. Hoto ɗaya ya ba da darasin da masani zai yi minti goma yana bayani.

Sai maganar haske. Rana tsaka a Sahel yashi yakan yi fari fat, fuskoki su dushe, inuwa ta ɓuya ƙarƙashin ƙafa. Saboda haka aikin gaske daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, lokacin da haske ke zuwa daga gefe ya fito da kowace kunya da kowane ramin rabin wata. Da hunturu hazo yakan shafe nisa, ƙura ta shiga ko'ina, zafin bazara kuma ya cinye batir. Ƙaramin jirgi marar matuƙi, idan an samu izinin hukuma, yana da amfani guda da babu kamarsa: ya tashi daga kan manomi ɗaya a hankali har a ga iyakar da ke tsakanin gonar da aka tsare da wadda aka bari. Gwanaye ba sa yawaita shi, domin daga sama mutum yakan zama ɗigo, kuma ba a tausaya wa ɗigo.

Mutumin da ke sara, alhali raino yake

Ga wurin da ni nake ganin gwanintar ta kai maƙura. Hoton da duniya ta saba da shi a harkar itatuwa shi ne hannun yaro riƙe da dashe a leda. Yana da kyau, yana da sauƙin ɗauka, kuma mai kallo ya san ma'anarsa. Amma a sassabin zamani ba dashe ake yi ba. Abin da kyamara za ta gani shi ne mutum da wuƙa ko lauje yana yanke rassa, wato daidai hoton da aka koya wa mai kallo cewa ɓarna ce. Aikin mai fim shi ne ya juya wannan fahimta cikin daƙiƙa talatin.

Sai ya sauke kyamara ƙasa, daidai tsayin kututturen. A fara ganin cunkoson toho, goma ko ashirin, kowanne siriri, suna gasar saiwa ɗaya. Hannun manomi ya shigo, ya buɗa su, ya taɓa wannan, ya lanƙwasa wancan, ya tsaya a kan 'yan kaɗan masu ƙarfi da miƙewa. Wuƙar ta zo daga ƙasa zuwa sama, da kaifi, don kada ɓawo ya tsage. Ya share ƙananan rassa har rabin tsayin tohon, ya ɗaura ɗan tsumma don mai wucewa ya san wannan yana da mai shi. Rassan da aka yanke kuma a ga yarinya ta tattara su za a kai murhu. Daga nan kyamara ta ɗaga, ba tare da an yanke hoton ba, ta nuna itacen da ke bayansa wanda ya fi ɗaki tsayi, da aka yi wa irin wannan aski shekaru kaɗan da suka wuce. Mai kallo ya gane da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a ransa.

Kunne yana aiki a nan kamar yadda ido ke yi. Iska ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar sauti a fili, shi ya sa ake sa wa makirufo rigar gashi, a kuma juya wa iskar baya. Mai sauti na ƙwarai yakan tashi da asuba shi kaɗai ya naɗi minti biyu a fako, inda ba a jin komai sai kukan iska, ya sake naɗar minti biyu a gonar da itatuwa suka dawo, inda kurciya da sauran tsuntsaye ke ta hayaniya. Idan aka jera su a fim, mai kallo zai ji bambancin a jikinsa ko bai lura da dalili ba.

Waƙa a bakin mai ita

Hira ita ce zuciyar fim, kuma tambaya ce ke haifar da amsa. Wanda bai iya ba zai tsaya a kan dattijo ya ce, "Baba, mene ne amfanin itatuwa?" Sai ya samu amsar littafin makaranta. Gwani kuwa zama yake yi a tabarma, kyamara daidai idon mai magana, ya ce, "Baba, wannan gawon, wace shekara ka bar shi? Da mutane suka ga ka bar shi, me suka ce maka?" Ga mata kuma, waɗanda su suka fi kowa sanin wahalar rashin itace, mace ce ta fi dacewa ta zauna da su: "Inna, da can ina kuke zuwa itace? Da wane lokaci kuke fita, yaushe kuke dawowa?" Idan an amsa, gwani ba ya saurin jefa wata tambayar. Yakan yi shiru ya jira, domin maganar da ta fi nauyi takan fito ne bayan mutum ya ɗauka ya gama.

Ana barin kowa ya yi magana da harshensa, a rubuta fassara a ƙasan hoto, kada a danne muryarsa da ta wani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ko wanda ba ya jin Hausa yana jin gaskiya a cikin murya.

Wannan ya kai mu ga mutunci. An daɗe ana tara kuɗi da sunan Afirka ta hanyar nuna mutanenta a wulaƙance. A 2012 ƙungiyar ɗalibai ta SAIH a Norwe ta fitar da wani bidiyon barkwanci inda 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki don ceton mutanen Norwe daga sanyi, domin ta nuna wa masu neman taimako munin salonsu. A 2020 gidauniyar Comic Relief ta Birtaniya ta sanar cewa ta daina tura taurari Afirka su yi magana a madadin mutane, za ta riƙa ba masu shirya fim na gida aikin. Fim ɗin raya ƙasa yana da sa'a a nan, domin labarinsa na gaskiya ba na mabarata ba ne. Manomin Maraɗi shi ya yi aikin, da wuƙarsa da guminsa. Mai kallo ana gayyatarsa ne ya sa hannu a aikin da ya riga ya kankama. Gwani yana gaya wa kowa inda za a nuna fim ɗin kafin ya ɗauke shi, ba ya sa mutum ya tuɓe rigarsa mai kyau ya sa tsumma, ba ya shiga cikin gida sai da iznin masu gida, kuma ba ya nuna abin da mai shi zai ji kunya idan surukinsa ya gani.

Ɗakin tacewa da roƙo

Daga daji ake dawowa da hotunan awoyi masu yawa, a ce a fitar da minti huɗu ko biyar. Mai tacewa a nan sassabin zamani yake yi shi ma: ya duba cunkoson toho, ya zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran ko da suna da kyau, don waɗanda suka rage su miƙe. Ginin da aka fi bi a bayyane yake. A fara da mutum, a nuna abin da ya rasa, a nuna dabarar da ta sauya al'amari, a kawo shaidar ido, sannan a nuna iyakar da aikin ya tsaya, wato ƙauyen gaba da har yanzu fako ne. Wannan giɓi shi ne kujerar mai kallo. Fim ɗin da ya nuna komai ya lalace yana kashe gwiwa, wanda ya nuna komai ya gyaru kuma yana sa a yi tafi a tafi gida. Alƙaluma ɗaya ko biyu sun isa, a ajiye su inda za su tabbatar da abin da ido ya riga ya gani. Kiɗa ma ana sa shi da awo, kuma gwanaye sun san lokacin da ya kamata ya ɗauke ɗif a bar muryar dattijo ita kaɗai.

Sai roƙon kansa, inda masu kunya ke faɗuwa. Roƙo mai kyau yana da adadi, yana da abin da adadin zai saya, yana da wa'adi. Ƙungiyar World Land Trust ta Ingila, wadda aka kafa a 1989 kuma David Attenborough ke cikin iyayenta, ta shahara da shirinta na sayen eka ɗaya ta daji a kan fam 100. A watan Oktoba na 2019 masu shirya bidiyo a YouTube, MrBeast da Mark Rober, suka ƙaddamar da gangamin Team Trees: dala ɗaya, bishiya ɗaya, ana neman miliyan 20 don gidauniyar Arbor Day. Kafin shekarar ta ƙare an cika. A sassabin zamani kuɗin ba dashe suke saye ba. Suna tafiya ne wajen kai manoma su ga gonar waɗanda suka riga su, da shirye-shiryen rediyo, da kafa kwamitocin ƙauye masu tsare itatuwa daga masu saran dare. Gwani yana faɗin haka yadda yake, ya nemi hanyar da mai kallo zai iya ƙiyasta shi a ransa.

Inda za a nuna fim ɗin ma yana sauya yankansa. Na zauren taro yana iya farawa a natse, amma da zarar ya ƙare aka kunna fitila, sai mai roƙo ya miƙe nan take, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Na waya kuwa daƙiƙun farko ne ke yanke hukunci, kuma da yawa za su kalla ba sauti, don haka rubutu ya zama manya, hoton farko ya zama mai riƙe ido.

Bayan an tara kuɗi

Aikin gwani ba ya ƙarewa ranar da aka ƙirga gudummawa. Yaba kyauta tukuici: bayan damina yakan koma turakun ƙarfensa ya ɗauko ɗan gajeren fim da za a aika wa waɗanda suka bayar, su ga abin da kuɗinsu ya zama, har da inda aka samu cikas. Wanda aka nuna wa gaskiya bana shi ke sake bayarwa baɗi.

Yakan kuma mayar da fim ɗin ga masu shi. Ƙungiyar Justdiggit ta ƙasar Holan, tare da LEAD Foundation, tana yawo da babban allo ƙauye-ƙauye a yankin Dodoma na Tanzaniya, tana nuna finafinan wannan dabara ta rainon kututture, wadda a can ake kira Kisiki Hai. Dattawanmu da suka ga zamanin majigi sun san ƙarfin allo a dandalin ƙauye. Manomin da ya ga ɗan'uwansa manomi a allo yana bayani ya fi saurin gwadawa a kan wanda jami'i ya yi wa lacca. Da haka fim ɗaya ke yin aiki biyu: ya kawo kuɗi daga nesa, ya kawo ƙwazo daga kusa.

Kira ga namu

Ƙasar Hausa ba ta rasa masu kyamara ba. Kano kaɗai tana da daraktoci da masu ɗaukar hoto da masu tacewa da suka shafe shekaru suna koyon yadda ake riƙe hankalin mai kallo. Suna da abin da baƙo ba zai saya da kuɗi ba: harshe, da sanin gaisuwa, da sanin bambancin kalgo da sabara, da kusancin da zai ba su damar komawa wuri guda kowace damina ba tare da tikitin jirgi ba. Labarai kuma ga su nan jibge, daga tuddan yashin Yusufari zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, daga gonakin Ɗan Saga zuwa fadamun da zaizaya ke ci a Katsina da Sakkwato.

Ga ƙungiyoyinmu masu aikin kare ƙasa, ku ware kuɗin fim tun ranar da kuke tsara aiki, ku ɗauki hoton fili kafin a sa masa hannu, domin hoton jiya ba ya ɗaukuwa gobe. Ga matasanmu masu kyamara, ku zaɓi gona ɗaya da manomi ɗaya, ku kafa turke bana, ku riƙa komawa. Ga mai karatu kuma, idan irin wannan fim ya iso wayarka, ka kalle shi har ƙarshe, ka bincika ƙungiyar, in ka gamsu ka bayar da abin da ya sauwaƙa. Itacen da ya rayu ta dalilinka sadaka ce mai gudana. Allah Ya ba mu ikon yi.